Sinadarin Fiyurin da Ma'aikatansa a Jiki: Daga Gonar Wake zuwa Ciwon Gaɓɓai



Ina godiya ga Allah da ya tara mu a nan Ajingi, ina kuma gode muku da kuka bar ayyukanku kuka zo sauraron wannan lacca. Abin da zan yi magana a kansa yanki ne na ilmin sinadaran jiki. Sunayensa baƙi ne, amma shi kansa al'amarin ba baƙo ba ne, gama yana cikin gonakinmu da akurkin kajinmu da goron da ke aljihun wasunmu. Manufata ita ce, kafin mu tashi, kowa ya gane cewa ciwon gaɓɓai da muke haɗawa wuri guda mu kira shi sanyi ko amosani ba abu ɗaya ba ne. A cikinsa akwai iri guda wanda an san asalinsa, ana iya gano shi da gwaji mai sauƙi, akwai kuma maganinsa. Rashin gane shi ya sa mutane da yawa suna shan wahalar da ba ta zama dole ba.

MENE NE FIYURIN, MENE NE KUMA ENZAYIM?

Fiyurin suna ne na wani iyalin sinadarai masu ɗauke da naitirojin. Wani masani Bajamushe, Emil Fischer, shi ya raɗa musu wannan suna a 1884, ya kuma harhaɗa uwarsu a ɗakin gwaji a 1898. Biyu daga cikin 'ya'yan wannan iyali, watau adenin da guwanin, su ne rabin haruffa huɗun da aka rubuta saƙon gado da su a cikin DNA, wanda ke sa ɗa ya ɗauko kamannin ubansa. Da adenin ne kuma ake gina ATP, sinadarin da ke ɗauke da ƙarfin da tsoka ke aiki da shi sa'ad da manomi ya ɗaga garma.

Goro ma yana cikin lissafi. Kafeyin da ke cikinsa, kimanin kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, ɗan gidan fiyurin ne. Akwai wani fiyurin a ƙwaƙwalwa mai suna adenosin, wanda ke taruwa da rana, yana shaida wa jiki cewa lokacin barci ya yi. Saboda kamar da ke tsakaninsu, kafeyin yakan zauna a mazaunin adenosin ya hana shi isar da saƙonsa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san yana korar gyangyaɗi tun kafin masana su san dalili.

Enzayim kuwa wani furotin ne da jiki ke yi domin ya hanzarta sauya wani sinadari zuwa wani, shi kuma ya fito daga aikin yadda ya shiga. A ƙasar Gaya, wadda labaran kaka da kakanni suka ce a wurin maƙeranta Bayajida ya sami wuƙarsa, ba sai na yi dogon bayani ba. Ƙarfe shi ke sauya kama a maƙera, amma masaɓa da uwar maƙera da awartaki suna nan, gobe ma su za a ɗauka. Kowane enzayim da aikinsa guda, kamar yadda awartaki ba ya yin aikin zugazugai. Idan ɗaya ya ɓace, sai aiki ya tsaya a daidai wurinsa, abin da ke jiran a sarrafa shi ya taru, abin da ake jira daga gare shi kuma ya yi ƙaranci. Yawancin cututtukan da zan ambata daga nan suka taso.

GINI, GYARA DA RUSHEWA

Jiki yana bin hanyoyi uku da fiyurin. Ta farko ita ce gina shi daga tushe. Wannan aiki ne mai tsada, mai matakai goma, kuma hanta ce ta fi yin sa. Ta biyu ita ce gyaran tsoho. Kullum ƙwayoyin halittar jikinmu suna mutuwa suna sakin fiyurin ɗinsu, jiki kuwa ba ya zubar da shi. Wani enzayim da ake taƙaita sunansa da HGPRT yana tsince mafi yawansa, kusan kashi casa'in cikin ɗari, ya mai da shi bakin aiki, kamar yadda maƙeri ke karɓar karyayyiyar fartanya ya fitar da lauje daga cikinta. Ta uku ita ce rushe abin da ya rage. A nan wani enzayim mai suna zantin oksides, wanda shi ma ya fi yawa a hanta, yake sauya haifozantin zuwa zantin, sa'an nan zantin zuwa yurik asid. Ƙoda tana fitar da kimanin kashi biyu cikin uku na yurik asid ta fitsari, sauran kuma ya bi ta hanji.

Duk wanda ya taɓa share akurki ya ga yurik asid da idonsa. Shi ne farin da ke kan kashin kaza da na tantabara da na ƙadangare. Waɗannan halittu ta wannan hanya suke fitar da dattin naitirojin, domin ba ta cin ruwa da yawa. Abin da ya sa kashin kaji ya zama taki mai ƙarfi ke nan, har yakan ƙone shuka idan aka cika shi. Farin nan yana nuna mana hali guda mai muhimmanci, watau yurik asid ba ya narkewa sosai a ruwa.

Akuya da saniya da jaki suna da enzayim na gaba, yurikes, wanda ke mai da yurik asid wani sinadari mai saurin narkewa da ake kira alantoyin. Wake ma yana da shi. Idan kuka tuge wake kuka duba saiwarsa, za ku ga 'yan ƙulalai. A cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya masu kamo naitirojin daga iska. Waken yana gina fiyurin da wannan naitirojin, sa'an nan ya rushe shi da irin waɗannan enzayim har ya zama alantoyin, a wannan siffa yake aika shi sama ga ganye da kwanso. Hikimar manomanmu ta haɗa wake da gero ko dawa a gona guda tana da alaƙa da wannan aiki, kuma wake yana cikin manyan amfanin gonar da cibiyar IITA ke bincike a kansu a tasharta ta Kano da gonarta ta Minjibir.

Ɗan Adam dai ba shi da yurikes mai aiki. Rubutun yin sa yana nan a cikin DNA ɗinmu, amma a lalace yake. Saboda haka aikin rushewa a jikinmu yana tsayawa a kan yurik asid, kuma yawansa a jininmu ya ninka na akuya sau da yawa. Yana da amfaninsa, domin yana cikin abubuwan da ke kare jini daga lahanin wasu sinadarai masu cin jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Amma muna zaune ne kusa da iyaka.

CIWON GAWUT

Iyakar kuwa sananniya ce. Idan yurik asid ya wuce kimanin miligiram 6.8 a cikin kowane desilita na jini, sai ya soma daskarewa, kamar yadda kanwa ke fitowa idan ruwan da ta narke a ciki ya ƙafe. Yana daskarewa ne cikin siffar ƙananan allurai, ya fi kuma son wurin da ya fi sanyi a jiki. Shi ya sa gaɓar babban yatsan ƙafa ta fi kowace shan wannan azaba, sai idon sawu da gwiwa. Dakarun kare jiki suna ɗaukar alluran nan a matsayin maƙiyi, su auka musu, gaɓar ta kumbura ta yi zafi.

Alamunsa ba su da wuyar ganewa. Magidanci yakan kwanta lafiya lau, a tsakar dare ciwo ya tashe shi, yatsa ya kumbura yana sheƙi, ko mayafi ba ya so ya taɓa wurin. Bayan mako ɗaya ko biyu ciwon ya lafa da kansa, sai a yaba wa duk maganin da aka sha na ƙarshe. Bayan watanni ya dawo. In aka bar shi shekaru, sai ƙulalai masu farin abu kamar alli su fito a yatsu da gwiwar hannu da kunne, gaɓɓai su lalace. Ya fi kama maza. Mata suna da kariya daga sinadarin jikinsu na mata har zuwa lokacin da al'ada ta ɗauke.

Masani Scheele na ƙasar Suwidin ne ya fara ware yurik asid daga tsakuwar mafitsara a 1776, likita Alfred Garrod kuma ya nuna a birnin Landan a 1848 cewa yana da yawa a jinin masu wannan ciwo. Turawa sun daɗe suna kiransa ciwon sarakuna, suna danganta shi da cin daɗi. Gaskiyar kuwa ita ce, a cikin masu yawan yurik asid goma, kusan tara matsalarsu ƙoda ce ba ta fitar da shi yadda ya kamata, sau da yawa bisa gado. Abinci yana kawo kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai, sauran jiki ne ke yin abinsa. Saboda haka talaka ma yana kamuwa.

Duk da haka abinci yana iya tayar da shi. Hanta da ƙoda da sauran kayan ciki, da jan nama mai yawa irin na ranakun layya, da kifin gwangwani na sadin, da giya, da lemon kwalba mai yawan sukari, duk suna ƙara yurik asid. Wani bincike da masanan Jami'ar Harvard suka buga a 2004, bayan sun bi maza fiye da 47,000 har shekara 12, ya nuna cewa nama da kifi suna ƙara haɗarin gawut, kayan gona masu fiyurin irin su wake ba sa ƙara shi, madara da nono kuwa rage shi suke yi. To, kada mai gawut ya guji ƙosai da alale da fura da nono. Goro ma ba ya rikiɗa ya zama irin yurik asid ɗin da ke daskarewa a gaɓa.

Ƙarancin ruwa a jiki shi ma babban dalili ne a ƙasa irin tamu. A zafin bazara, ko lokacin sharar gona, ko azumin da ya faɗo cikin zafi, fitsari yakan yi kauri. Daga nan yurik asid kan dunƙule ya zama tsakuwar ƙoda, irin wadda hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nunawa. Mai azumi da ke da wannan ciwo ya yawaita shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur.

Maganin ya fito ne daga sanin enzayim. Gertrude Elion da George Hitchings na Amurka, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1988, sun yi shekaru suna ƙera sinadarai masu kama da fiyurin domin su ruɗi enzayim. Ɗaya daga ciki, alofiyurinol, yana kama da haifozantin. Zantin oksides yakan ɗauke shi bisa kuskure, ya maƙale masa, aikin yin yurik asid ya ragu. An amince da shi a Amurka a 1966, kuma har yau shi ne magani na farko. Ana soma shi da kaɗan, a riƙa ƙarawa har ma'aunin jini ya sauka ƙasa da 6, sa'an nan tsofaffin alluran su narke a hankali. Ba maganin kashe raɗaɗi ba ne, kuma ba a daina shi don ciwo ya lafa. Wanda ya ga ƙuraje sun feso masa bayan ya soma sha, ya dakata nan take ya koma wurin likita, domin ga wasu mutane yakan yi wa fata mummunan lahani.

Ga inda haɗarin yake a wurinmu. Mai ciwon gaɓa yakan nufi kemis ya sayi dikilofenak ko aibufurofin, ya sami sauƙi, ya mai da su abin sha na kullum. Waɗannan magunguna suna da amfani na 'yan kwanaki, amma doguwar mu'amala da su tana cin ƙoda da tumbi. Ƙodar da ta yi rauni kuwa ba ta fitar da yurik asid, ciwon ya ƙaru, a ƙara shan magani. Wanda ya bi wannan hanya har ƙarshenta yana iya tsintar kansa a layin wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, abin da kan cinye gona da dabbobin gida guda.

CUTUTTUKAN DA MUKA SABA DA SU

Wasu cututtuka da magungunan da muke gani kullum suna taɓa wannan hanya ta fiyurin. Na farko shi ne amosanin jini, watau sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi a Nijeriya kowace shekara. Jan ƙwayar jini ta mai lafiya tana rayuwa kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20. Ɓargo yana ta aikin cike gurbi, ana rushe fiyurin da yawa, yurik asid ya hau, musamman idan ƙoda ta soma gajiya. Saboda haka ba kowane ciwon gaɓa na babban mai sikila ne tashin sikila ba.

Na biyu shi ne hawan jini. Wasu ƙwayoyin da ke sa yawan fitsari, waɗanda ake ba masu hawan jini da ciwon zuciya, suna hana ƙoda sakin yurik asid. Likita yana iya sauya su idan aka gaya masa. Na uku shi ne tarin fuka, watau tibi. Ɗaya daga cikin magunguna huɗun da ake sha a watanni biyun farko, firazinamayid, yana ɗaga yurik asid, yakan kuma sa gaɓɓai ciwo. Maras lafiyar da ba a yi wa bayani ba yana iya watsar da magani saboda wannan, ya jawo wa kansa da iyalinsa tarin da ba ya jin magani. Kalma biyu daga bakin ma'aikacin lafiya sun isa su hana haka. A wannan cuta dai, wani enzayim na fiyurin mai suna ADA yana taimakon likita, domin idan ruwa ya taru a ƙirji aka auna aka ga ADA ya yi yawa a ciki, alama ce mai ƙarfi ta tibi.

Na huɗu shi ne zazzaɓin cizon sauro. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2022 Nijeriya ce ke da kimanin kashi 27 cikin ɗari na masu kamuwa da shi a duniya, da kashi 31 na waɗanda ya kashe. Ƙwayar wannan cuta ba ta iya gina fiyurin daga tushe ko kaɗan. Satar haifozantin take yi daga jan jinin da ta shiga, ta sarrafa shi da nata enzayim. Haka ma ƙwayar sammore da ke kashe shanu. Mu muna da hanya biyu, su suna da ɗaya, wanda ya toshe ta kuwa ya kashe su da yunwa. A 2011 masana a Kwalejin Likita ta Albert Einstein da ke New York sun nuna cewa wani sinadari mai toshe enzayim ɗinta na PNP ya kawar da ita daga jinin birai. Bai riga ya zama maganin asibiti ba, amma a yayin da ƙwayar ke koyon jure wa tsofaffin magunguna, fage ne da ya kamata ɗalibanmu na Jami'ar Bayero da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil su sa ido a kai.

IDAN AKA HAIFI YARO BA TARE DA ENZAYIM BA

Akwai cututtuka biyu na gado da ba su da yawa, amma sun koya wa masana darajar waɗannan ma'aikata. A 1964 Michael Lesch da William Nyhan suka bayyana wani ciwo na yara maza, wanda aka gano a 1967 cewa rashin HGPRT ne ke kawo shi. Tun da babu mai gyaran tsoho, sai yurik asid ya cika jiki, uwa ta riƙa ganin wani abu kamar jan yashi a tsumman jariri. Yaron ba ya iya sarrafa gaɓɓansa, yana kuma cizon leɓɓansa da yatsunsa ba da son ransa ba. A ƙauye ana iya cewa iska ce ko sammu, alhali furotin guda ne ya ɓace. Ta wajen uwa ake gadonsa.

A 1972 kuma likita Eloise Giblett ta gano cewa rashin ADA yana kashe dakarun kare jiki, jariri ya yi ta fama da gudawa da ciwon huhu tun watannin farko. Wannan sai yaro ya gada daga uwa da uba duka, saboda haka ya fi yiwuwa a auren zumunta. Gidan da jarirai ke mutuwa a jere da irin wannan alama ya cancanci a tura shi babban asibiti. A kan wannan ciwo ne aka fara gwada gyaran ƙwayar gado a jikin ɗan Adam, a Amurka a 1990.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Masana sun samo yurikes daga wani naman gwari suka mai da shi allura, rasburikes, domin masu ciwon daji da yurik asid ɗinsu ya hau ƙwarai. Amma tana farfasa jan jinin wanda ke da ƙarancin wani enzayim mai suna G6PD, wannan ƙaranci kuwa ya yawaita a tsakanin mazan Nijeriya. Darasin shi ne, maganin da aka gwada a wata nahiya sai an dubi jinin mutanenmu kafin a ba su.

KAMMALAWA

Jama'a, ina da roƙo uku. Ga ma'aikatan hukuma masu tsara kasafi, gwajin yurik asid da na aikin ƙoda ba su buƙatar na'ura mai tsada, ƙaramin ɗakin gwaji yana iya yin su. A tabbatar akwai su, da alofiyurinol, a asibitocin Gaya da Ajingi, domin kada dattijo ya tafi har birni saboda ciwon yatsa. Ga ma'aikatan lafiya, idan magidanci ya zo da gaɓa guda a kumbure, a tambaye shi yadda ciwon ya soma, da sau nawa ya taɓa zuwa, da ƙwayoyin da yake sha. A tuna kuma cewa ma'aunin jini yana iya saukowa a tsakiyar tashin ciwo, saboda haka a maimaita gwajin bayan mako biyu, kuma gaɓa mai kumburi tare da zazzaɓi mai zafi tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shige ta, wannan kuwa ba ya jira. Ga ɗalibai, ku ne za ku koma gida ku karanta wa iyayenku takardar magani. Idan kun ga mahaifinku yana haɗiyar ƙwayar kashe ciwo kowace safiya, ku raka shi asibiti a duba ƙodarsa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, wannan kuwa yana cikin duhun da aka riga aka samo fitilarsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a damina, ya mai da kowa gidansa lafiya.